Da Yara Zuwa Matan Fada

Duk uban da ya taɓa cewa zai kai iyalinsa yawon buɗe ido ya san yara ba sa jira ya kai aya. Kafin ya rufe baki sun zaɓi wuri, kuma wurin da suke zaɓa shi ne wanda suka saba gani a waya: lilo mai juyawa sama, jirgin ƙasa na wasa, ɓera mai manyan kunnuwa yana ɗaga hannu. Disneyland da aka buɗe a Kalifoniya ta ƙasar Amurka a 1955 ta zauna a kan yaran Kano da na Katsina fiye da yadda Matan Fada ta zauna, alhali bikin kamun kifi na Argungu da ake yi a Matan Fada ya girmi Disneyland da shekara 21. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Don haka da aka ba da sanarwar za a dawo da bikin a watan Maris na 2020, bayan an yi kusan shekara goma ba a yi shi ba, sai na ce wa maiɗakina bana Kabi za mu, kuma da yaran.

Ba ta ƙi ba, amma ta jero mini tambayoyi. "Maigida, a ina za su kwana? In auta ta ce za ta kewaya a tsakiyar taro, ina zan kai ta? In mutane suka yamutse, wa zai riƙe wa? Kuma su da tsawonsu bai kai ƙugun babba ba, me za su gani?" Waɗannan tambayoyi su suka tsara tafiyar tun daga farko har ƙarshe. Babbar 'yarmu tana da shekara tara a lokacin, ƙanenta shida, auta kuwa ba ta cika uku ba. Mai tafiya shi kaɗai jaka ɗaya ta ishe shi, in dare ya yi masa ya kwana a masallaci ko a tasha. Mai tafiya da yara uku sai ya yi lissafin inuwa da ruwan sha da lokacin barci kafin ya yi lissafin man mota.

Lokacin bikin ba na yara ba ne. Ana yin sa tsakanin Fabrairu da Maris, sa'ad da ruwan gulbi ya ja baya, kifi ya taru a gurbi. A wannan lokaci hunturu yana sallama, bazara tana kunno kai, rana a ƙasar Kabi kuwa ba ta da wasa. Kuma ba a hutun makaranta yake faɗowa ba, sai da na je na nemi izini wajen shugabar makarantarsu. Ta yarda, da sharaɗin babbar za ta rubuto abin da ta gani ta karanta wa 'yan ajinsu. Lokacin zafi da ƙura da cunkoso shi ne lokacin sanƙarau, saboda haka uwarsu ta ɗauko katunan rigakafi ta duba ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma cutar korona da aka fara samu a Legas a ƙarshen Fabrairu, wadda a lokacin yawancinmu labarinta kawai muke ji a rediyo. Ta haɗa wata 'yar jaka daban: garin gishiri da sukari na gudawa, maganin zazzaɓi, man kaɗanya don leɓe, sabulu, huluna masu faɗin baki, da gidan sauro.

Hanya daga Kano doguwa ce: Funtuwa, Gusau, Talatar Mafara, Sakkwato. Wanda ya san halin da wannan hanya take ciki ba ya bin ta da dare, kuma ba ya tsayawa inda ba mutane. Mun fita bayan sallar asuba, muka yada zango a Sakkwato. Akwai filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, kuma jirage suna zuwa daga Abuja, amma kuɗin kujera biyar ya fi ƙarfin aljihun ma'aikaci irina. Washegari muka bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal. A Aliero warin albasa ne ya fara yi mana maraba, buhuna jibge a bakin titi ana loda wa manyan motoci. Daga Jega muka karya ta Kalgo muka shiga Birnin Kebbi kafin azahar.

Shawarar da ta fi kowace amfani ita ce ta masauki. A makon biki ɗakunan kwana na Argungu, har da na ƙauyen masunta da aka gina don baƙi, jami'ai da 'yan jarida da manyan baƙi sun riga sun kama su. Wanda ya samu ɗaki ma, ganga da lasifika ba za su bar ɗansa ya yi barci ba. Mu sai muka sauka a Birnin Kebbi, gidan kawun maiɗakina, tsohon malamin makaranta, Bakabe mai zane a fuska. Tsakanin garuruwan biyu tafiyar da ba ta wuce sa'a ɗaya ba ce, a yi sammako a je, a dawo a kwana cikin natsuwa. Da muka shiga zaure ya dubi yaran ya ce, "Kun sha tahiya. Ku shigo da ɗiyan ga cikin inuwa, a ba su ruwa tukuna, gaisuwa ba ta gudu."

Birnin Kebbi gari ne mai sanyin hali, ba hayaniya irin ta Kano, 'yan kabu-kabu ma a hankali suke tafiya. Ya zama babban birnin jiha ranar 27 ga Agusta 1991, da aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato. Amma sunansa ya girmi jihar nesa ba kusa ba. Nan ne babban birnin Kabawa har 1805, shekarar da rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin. Yau fadar Sarkin Gwandu ce a cikinsa, Sarkin Kabi kuwa yana Argungu. Yaran ba su damu da wannan ba a ranar farko. Abin da ya kama idonsu shi ne fadama.

Da la'asar sakaliya Kawu ya kai mu gefen gari inda tudu yake gangarawa. Ƙasa ta buɗe, kore shar iya ganinka, a watan da ko'ina a arewa ya bushe ya yi ja. Shinkafar rani ce. Ƙananan injunan ban ruwa suna ta tatata, ruwa yana bin kwalbatocin ƙasa, balbelu suna bin sawun manoma. Ɗana ya tsuguna a bakin wata gona ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya tambaye ni ina shinkafar take. Shi a buhu ya san ta. Mai gonar, wani dattijo da ya naɗe wando har gwiwa, ya yi dariya, ya ratsa cikin taɓo ya tsinko masa zangarniya ɗaya da ta fara nuna, ya murtsuke ƙwaya biyu a tafin hannunsa, ya hure ƙaiƙayin, ya miƙa masa. Yaron ya sa a baki ya tauna. Ya riƙe sauran zangarniyar har gida, ya kwana da ita a ƙarƙashin matashi.

Wannan fadama ita ce arzikin jihar. Gulbin Rima yana haɗuwa da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, su gangaro tare ta Argungu da Birnin Kebbi har su faɗa Kwara, shi ya sa mutanen nan suke kiran sa Gulbin Kabi. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoman shinkafa rance a Nuwamba 2015. Akwai kamfanin casar shinkafa na Labana a garin, akwai na WACOT a Argungu da aka buɗe a 2017. Ruwan da yake ciyar da su kuma shi yake cinye su wani lokaci, domin a daminar 2020, watanni kaɗan bayan ziyararmu, ambaliya ta shafe gonaki masu yawa a wannan kwari. Da na ga hotunan a labarai, dattijon nan na tuna.

Kawu ne ya ce kada mu kai yara bakin ruwa sai sun fara ganin gidan tarihi, kuma gaskiyarsa. Gidan tarihi na Kanta tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce a Argungu. Sarakuna sun zauna a ciki har 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, kana shiga za ka ji zafin waje ya sake ka. An raba shi ɗaki ɗaki: masu da takubba, kwari da baka, bindigogin gargajiya, layu, ganguna, kayan su da na noma. A cikin harabar kuma akwai kaburburan sarakuna, inda muka tsaya muka yi addu'a, yaran suka yi tsit ba tare da an ce su yi ba. Ɗana ya manne wa wani takobi da ya kusa kai shi tsawo, yana tambayar mai yi mana jagora ko an taɓa sarar mutum da shi. 'Yar'uwarsa kuwa tambayarta ta fi nauyi.

Mai jagoran ya ba su labarin Muhammadu Kanta, wanda ya yi wa daular Songhai tawaye a farkon ƙarni na 16, ya kafa Kabi, ya gina Surame da ganuwar duwatsu wadda kufanta yake nan har yau a cikin Jihar Sakkwato. Ya ba su labarin yadda bayan faɗuwar Birnin Kebbi Kabawa suka sake haɗuwa a Argungu, suka ƙi miƙa wuya, aka yi ta gwabzawa tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa. Yarinyar, wadda a Islamiyya an koya mata sunan Shehu da ƙanensa Abdullahi da girmamawa, ta juyo ta ce, "Kaka, to su wa ke da gaskiya?" Kawu ya ɗan yi shiru. Ya ce, "Ɗiyata, kowa na da kakanni, kuma kowa kakanninai sun kwanta. Abin da nika so ki riƙe shi ne yadda aka bar faɗan." Sannan ya gaya mata cewa a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, Kabawa suka shiga ruwa suka yi su don girmama baƙonsu. Daga nan bikin ya samo asali a siffar da muka san shi.

Ni da na tashi a Kano, ta fuska ɗaya na san wannan tarihi. A wannan ɗaki mai duhu na ji shi ta ɗaya fuskar, daga bakin mutanen da suke alfahari da cewa ba a ci su ba. Ban ga wani wurin wasa, komai tsadar tikitinsa, da zai sa yarinya 'yar shekara tara ta yi irin wannan tambaya ba, ballantana ta samu irin wannan amsa.

Wanda zai kai yara Argungu kuma rana ɗaya kawai gare shi, ina ba shi shawara ya zaɓi ranar Kabanci, ba ranar babban su ba. Ranar ce ta wasannin ruwa, taro bai kai na ranar ƙarshe ba, kuma abubuwa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, yaro yana iya bi da ido. Akwai tseren kwalekwale, akwai tseren iyo, akwai nutso a ga wanda zai fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa, akwai kamun kifi da hannu ba koma ba ƙugiya. Wanda ya fi tayar da yara tsaye shi ne kamun agwagwa. A saki agwagwar ruwa, samari su bi ta da iyo. Sai sun zo dab da ita ta nutse, ta ɓullo a bayansu, su juya, ta sake nutsewa. Auta da take goye a bayan uwarta ta riƙa tsalle tana ihu har zanin goyon ya kwance. Ba mai bayani da take buƙata, ta gane wa ake bi kuma ta zaɓi wanda take goyon baya.

A nan ne kuma na ga bambancin 'ya'yana da 'ya'yan Kabawa. Yara sa'o'in ɗana suna faɗawa ruwa daga kan kwalekwale suna fitowa suna dariya, wani ma yana tuƙa jirgi shi kaɗai da sanda. Nawa ko kududdufi ba su taɓa shiga ba. Wani mai kwalekwale ya matso ya ce, "Alhaji, kawo su in zagaya da su, ba nisa." Ɗana ya kama rigata yana roƙo har da hawaye. Na tambayi mutumin ko yana da rigar ruwa ta yara, ya ce babu, amma shi a ruwa aka haife shi. Na gode masa, na ce a'a. Ban raina gwanintarsa ba, amma hannunsa biyu ne, kuma ɗana bai iya iyo ba. A watan Mayun 2021, da jirgin ruwa ya kife kusa da Warrah a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta wannan jiha, mutane da dama suka halaka, na ƙara tabbata cewa a wannan magana uba ba ya jin kunyar kowa. Haka nan ban bar su sun tsoma ƙafa a gefen ruwa ba, saboda tsargiya a irin ruwan da yake kwance take kama yara, kuma sai an dawo gida da makonni ake ganin jini a fitsari.

Abinci bai ba mu wahala ba. Kifi ko'ina, soyayye da gasasshe da busasshe: tarwaɗa, karfasa, giwan ruwa. Ga yara ƙanana tarwaɗa ta fi, domin ƙayarta ba ta da yawa, ita ma sai uwarsu ta mutsuttsuke ta da yatsu kafin ta ba su. Karfasa daɗi gare ta amma ƙaya ce tsantsa, ba ta yaro ba ce a tsakiyar taro inda ba a san hanyar asibiti ba. Ruwan sha daga gida muke ɗaukowa a cikin kula. Fura da nono kuwa sai a gidan da muka sani.

Tun a Kano muka yanke cewa ranar babban su auta ba za ta je bakin ruwa ba. Ita da uwarta suka zauna a gidan wata 'yar'uwar Kawu a cikin garin Argungu. Ni da Kawu muka ɗauki manyan biyu. Uwarsu ta sa musu riguna masu launi ɗaya, ruwan ɗorawa mai haske da ake hangowa daga nesa, ta rubuta lambar wayata a takarda ta sa a aljihun kowannensu ta maƙale da fil. Amma a irin wannan taro layin waya cushewa yake, don haka Kawu ya nuna musu wata motar 'yan sanda da ke tsaye, ya ce duk wanda ya duba bai gan mu ba kada ya yi yawo, ya je can ya tsaya.

Matan Fada wani yanki ne na gulbin da ake hana su a cikinsa duk shekara, sai wannan rana. Sarkin Ruwa ne mai kula da shi, shi da Homa, shugaban masunta, kuma sai sun yi gyaran ruwa kafin a shiga. Mutanen garin za su gaya maka Sarkin Ruwa yana sallamar kadoji su kauce har a gama. Mun isa da sassafe, amma mun tarar mutane sun riga mu. Sai jira. Wannan jira shi ne jarrabawar mai yara: rana tana hawa, ƙura tana tashi, ana dakon manyan baƙi, ana jawabai. Tun 1970 da Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta, bikin ya zama na shugabanni, kuma inda shugabanni za su zo, agogo nasu ne. Yaran suka cinye gyaɗar da muka zo da ita, suka sha ruwa, suka fara tambayar yaushe za a tafi gida.

Can nesa da gaɓa masunta sun yi sahu, dubbai, kowa riƙe da homa da gora. Homa koma ce ta hannu, biyu ake riƙewa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, in an buɗe su kamar fikafikan malam buɗe littafi. Gora kuwa ƙaton duma ne mai baki a sama, a kansa masunci yake kwanciya ya yi iyo, a cikinsa kuma yake zuba ƙananan kifayen da ya kama. Ba a yarda da wani kayan su na zamani ba. Bisa al'ada ƙarar bindiga ce alamar farawa, amma abin da ya fara iso mini shi ne motsin ƙasa a tafin ƙafata. Na ɗaga ɗana na aza a wuya. Ƙura ta turnuƙe, daga cikinta mutane suka ɓullo a guje, goruna suna karo da juna suna ƙara, suka zubo cikin ruwa ta kowane gefe. Cikin ƙiftawar ido ruwan ya ɓace, ba ka ganin komai sai kawuna da goruna da komaye suna tashi suna faɗawa. Makaɗa a cikin kwalekwale suna ratsa su suna kiɗa. Ruwan da yake kore ɗazu ya koma taɓo. Ɗana ya riƙe kunnuwana gam, bai ce uffan ba.

Kusa da inda muke wani mutum ya nutse ya daɗe. Da ya ɓullo sai ya yi kira, abokansa biyu suka iso, suka kama wani abu a ƙarƙashin ruwa suna kokawa da shi. Da suka ɗago shi sai ga giwan ruwa, bakinsa a buɗe, ɓawonsa yana walƙiya, wutsiyarsa tana dukan ƙirjin mai riƙe da shi. Suka zura masa igiya ta baki, suka jawo shi gaɓa, mutum biyu suka saɓa shi zuwa wurin sikeli. Wannan ma ba shi ya ci gasar ba. Wanda ya zo na ɗaya a shekarar ya kai kilo 78, ya fi nauyin yarana biyu a haɗe. Duk abin bai fi sa'a ɗaya ba.

Ɗana ya gani domin yana wuyana. 'Yar'uwarsa ta yi girman da ba za a ɗauka ba, kuma ba ta yi tsawon da za ta hango ba. Kawu ya yi ta neman mata wuri har wani mai a kori kura ya bar ta ta hau bayan motarsa ta tsaya. Da na waiga sai na ga yara da yawa, 'yan garin da baƙi, suna ɗage a kan yatsun ƙafa a bayan manya, ba abin da suke gani sai bayan riguna. Wasu sun hau bishiya, wasu suna kutsawa ta tsakanin ƙafafu zuwa bakin gaɓa, inda turawa ɗaya za ta jefa su ruwa. Na ga wata mata da goyo da yara biyu ta juya ta tafi tun kafin a fara, saboda rana.

Wannan ya tsaya mini a rai. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin Argungu cikin jerin al'adun da duniya ta gada, kuma ma'anar gado ita ce a samu mai karɓa. Masu gina wuraren wasa na ƙasashen waje ba su fi mu abin nunawa ba. Kogi na roba suke haƙawa, su ƙirƙiro masa labari. Abin da suka fi mu shi ne sun durƙusa sun dubi wurin daga tsawon yaro, suka tambayi kansu inda zai zauna, inda zai sha ruwa, inda za a kai shi in ya ɓata. Argungu tana da kogin gaske da tarihin gaske da gwanaye na gaske. Abin da mai iyali yake nema kaɗan ne: rumfa ɗaya mai matakala da aka keɓe wa mata da yara, tankin ruwa mai tsabta, banɗaki, tanti guda na yaran da suka rabu da iyayensu, da rigunan ruwa ƙanana a wurin masu kwalekwale. Da yawanmu za mu biya kuɗin shiga irin wannan rumfa da farin ciki. Kuma in aka ware safiya ɗaya ga 'yan makaranta, masunta su nuna musu yadda ake ɗaura homa da yadda ake hawa gora, wannan zai fi jawabi goma amfani.

Wanda kuma yaransa duk ƙanana ne, ba dole sai lokacin biki ba. A Disamba ko Janairu, cikin hutun makaranta da sanyin hunturu, gidan tarihin yana nan, gulbin yana nan, masunta suna fita kullum a wuraren da ba a hana ba, masauki kuma yana samuwa cikin sauƙi. Yaro zai iya tsugunawa kusa da mai gyaran koma ya yi ta tambaya ba mai ture shi. In sun girma sai a dawo da su ranar Matan Fada.

A hanyar komawa Kawu ya ce kada mu wuce ba mu biya Gwandu ba, tunda yaran sun ji labarin Kabawa, su je su ga ɗaya gidan. Muka ziyarci hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo, na gaya wa 'yata cewa wannan malami ya taɓa zama a garinmu Kano, kuma a can ya rubuta littafinsa Liya'ul Hukkami da mutanen garin suka roƙe shi. Ta sa wannan a cikin rubutun da za ta kai makaranta, tare da agwagwa da takobi da amsar Kawu.

Ba ta samu karanta shi a aji ba sai bayan watanni, domin ba mu daɗe da dawowa ba aka rufe makarantu saboda korona. A wannan zaman gida tsakar gidanmu ta koma Matan Fada. Gidan sauron da muka je da shi ya zama homa, ƙwaryar uwarsu ta zama gora, takalmana suka zama kifaye, auta ce agwagwa, kullum sai an yi rigimar wanda zai zama Sarkin Ruwa. Yaran maƙwabta da suka riƙa leƙowa ta katanga su ma suka koyi wasan. Ɗana kuwa ya kafe sai an koya masa iyo, kuma da aka buɗe gari na nemo masa mai koyarwa. Ya ce in ya iya, shi zai koma wurin mai kwalekwalen nan da kansa.